Kwanciyar Madara a Gindin Randa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya bar mani hannun dama har nake riƙe biro da shi yau, ko da yake yatsu biyu sun daina lanƙwashewa kamar da. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma jinyar da munka yi a bazarar bara ta ƙi fita raina, shi ya sa na ce bari in zuba ta a takarda saboda masu kiwon zomo cikin gida, da masu barin kare ya kusanci ƙofa. Jinya biyu ce a haɗe, tawa da ta zomanya. Ni dai na tashi.

Zomanyar ba tawa ba ce, ta autata Nana ce. Tun zomanyar tana 'yar mitsitsiya Nana ta samo ta wurin wata ƙawarta, fara fat, ta sa mata suna Madara. Da anka yi ma Nana aure anka kai ta Rabah, gidan da ta je cike yake da kyanwoyi, sai ta bar mani ita a nan Wurno. Ranar da za a tafi da ita tana kuka cikin mayafi ta ce in riƙe mata Madara amana, kuma ba don tukunya ba. Na ce na ji.

Ni mace ce mai zaman gida, ko biki sai ya zama dole nake zuwa, ga shi Allah ya yi ni da son magana. Maigidana, Malam, manomin albasa ne. In rani ya kama, da ya sallame asuba sai fadama, inda suke ban ruwa da abin da ake sakowa daga madatsar Goronyo, ba ya dawowa sai ana kiran magariba. Saboda haka Madara ta zama abokiyar hirata. Ina dakan fura ina ba ta labarin unguwa, ita tana tauna ganyen yaɗiya tana kaɗa hanci kamar mai cewa ci gaba.

Tana da wata ɗabi'a guda. In rana ta take, ta ci ta ƙoshi, sai ta je gindin randa inda rairayi ke da sanyi, ta ɗan tona ƙasa, sannan ta jefar da kanta gefe guda, tim, ƙafafu a miƙe, ido a lumshe, kai ka ce rai ya fita. Ranar da na fara gani salati na yi na yar da ludayi, Nana ta yi ta yi mani dariya, ta ce jin daɗi ne, zomo ba ya wannan kwanciya sai inda ya aminta. Daga nan na saba. Malam kuwa bai taɓa gani ba, don azahar ba ta iske shi gida.

Malam yana da ƙane, Labbo, can wajen Giyawa yake zaune, mafarauci ne. Tsakanina da shi sai wasan matar wa da ƙanen miji. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya kan Madara ya lashe baki ya ce, matar yaya, yaushe za a ba shi wagga ya gwada barkononshi. Ni kuma in ce mashi na daji sun gagare shi ne ya dawo roƙon na gida. Yana da kare baƙi siriri mai suna Duna, tun yana ɗan kwikwiyo ya raine shi, bisa tankin babur yake ɗauko shi duk inda za shi.

Ranar da abin ya faru Labbo ya biyo ta Wurno, ya ɗaure Duna a dogon yaron ƙofar gida da wata tsohuwar igiya, ya leƙo munka gaisa, ya wuce masallaci. Ina tsakar gida ina daka. Madara tana kwance gindin randa.

Ashe igiyar ta tsinke. Karen farauta kuwa ba ya haushi in ya ga nama. Ban ji komai ba, wani baƙin abu kawai na ga ya shafi zanena ya wuce. Sai kukan. Wanda bai taɓa jin kukan zomo ba, kar Allah ya jiyar da shi, kamar jinjiri ne anka zuba ma ruwan zafi. Duna ya cafke ta a ƙugu ya ɗaga sama yana girgiza ta hagu da dama, jini yana fantsama jikin randa. Na sauke mashi taɓarya a baya, bai saki ba. Na ƙara mashi a haƙarƙari har na ji wani abu ya ce ƙas, ya juya da ita a baki ya nufi zaure. Sai na yar da taɓaryar na faɗa kanshi, na danne wuyanshi da gwiwa, na cusa hannu cikin bakinshi ina ɓanɓarewa. Ya sake ta, ya kama ni. Tsakanin babban yatsa da wuyan hannu haƙoranshi sunka shiga, na ji lokacin da sunka haɗu da juna cikin nama. Yana ja ina ja, muna birgima cikin garin geron da ya zube.

Tsawa guda Labbo ya yi daga bakin zaure, karen ya sake ni. Ya ja ciki ya nufi ubangidanshi yana kaɗa wutsiya, bakinshi duk farin gashi, shi a ganinshi aiki ya yi. Labbo ya dubi hannuna, jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga. Ya dubi matan maƙwabta da sunka yi layi bisa katanga suna salati. Sai ya duƙa ya ɗauki taɓaryar. Na ce mashi ya bari, ban sani ba ko ya ji. Dukan farko a ka ya same shi. Karen bai gudu ba, ƙara jan ciki ya yi zuwa ƙafar Labbo yana lasar takalminshi, Labbo kuma ya yi ta saukewa, ya yi ta saukewa, har taɓaryar ta tsage. Ya ɗaura mashi igiya a ƙafafun baya ya ja shi da babur zuwa daji, shatin ya kwana a rairayin unguwa. Mutane sunka yi ta yaba mashi, wai ya fita kunyar yayanshi.

Madara kuwa bayan murhu na iske ta. Kunne guda ya tsage gida biyu, fatar ƙugu ta ɗaye tana reto kamar yagaggen zane, ƙafar baya ta hagu tana lilo. Numfashi take kamar zai tsinke.

Anka kira Malam daga fadama, ya shigo da laka a ƙafa. Ya dubi hannuna ya yi salati. Ya dubi Madara, ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa yana goga ta a dutsen niƙa. A wurinmu ba a barin dabba ta mutu da kanta. In an ga za ta tafi, ko saniya ce ko kaza, da gudu ake ɗauko wuƙa don kar ta zama mushe a jefar bola. Da wannan Malam ya tashi, har in akuyar maƙwabci ta faɗi shi ake kira, saboda an san hannunshi da sauri.

"Kawo ta nan tun da sauran numfashi."

"Amanar Nana ta, Malam."

"Amana ta ƙare. Dibi bayanta."

Na naɗe ta cikin zane na rungume da hannun hagu, na ce sai dai ya fara da ni. Ya daɗe tsaye yana kallona, sannan ya soke wuƙar a jikin rumfa, ya ce tana nan, ba nisa ta yi ba.

Kafin la'asar Gwaggo Ige ta iso da sandarta. Ƙanwar mahaifin Malam ce, kuma a danginsu ba a yin ciwo ba da saninta ba. Ta ce maganin cizon kare yana jikin karen, a samo gashin wutsiyarshi a ƙona, a kwaɓa tokar da man shanu a cusa cikin ciwon. Dole Labbo ya koma daji wurin karen da ya kashe da hannunshi ya yanko gashin. Ya dawo ido jajur, ya miƙo shi cikin leda, ba wasa ba tsokana. Gwaggo ta danne hannuna bisa cinyarta ta yi ta tura tokar da tsinke cikin ramukan haƙori. Na ciji gefen mayafi har ya huje. Ta ce Madara kuma a shafa mata baƙin man injin ban ruwa, kamar yadda ake yi ma jaki mai gyambo. Wannan na ce a'a cikin ladabi, na wanke ta da ruwan ɗumi da gishiri, na sa ta cikin kwando.

Makon farko nawa ne. Hannu ya kumbura ya yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe ni, kaluluwa ta fito a hammata, wani jan layi ya taso daga ciwon yana hawa sama. Da Malam ya ga layin nan bai ƙara shawara da kowa ba, ya ɗauke ni sai asibiti. Tun hantsi muke bisa benci, rana ta juyo ta iske mu, ana ta shiga da waɗanda sunka fi ni jin jiki. Da layi ya zo kaina, wata ma'aikaciya ta kankare tokar nan tas, tana wankewa tana faɗa, ni kuma ina kiran sunan Allah. Ban ji haushinta ba, da gaskiyarta. Ta ce da tun farko sabulu da ruwa mai yawa na sa na daɗe ina wankewa, sannan na taho a ranar, da ban kai haka ba.

Likita ya tambayi ina karen. Malam ya gyara zama ya ce ai nan take anka kashe shi anka kai daji. Likitan ya aje biro. Ya ce da an ɗaure shi an ci gaba da ba shi abinci kwana goma, in ya wuce lafiya lau, da hankalin kowa ya kwanta an san ba mahaukaci ba ne. Yanzu an kashe mai ba da shaida, ba wanda ya san abin da ke cikin yawunshi. Ya faɗi wata magana da har yau nake jin ta: "Ciwon haukan kare, in ya riga ya nuna kanshi, babu asibitin da ke maido mutum. Allurar kafin ya nuna take aiki." Allurar kuma babu ita a wurinsu a lokacin, sai Sakkwato, kuma ba sau guda ba, sai an yi ta komawa har kusan wata.

Haka munka shiga jigila, mota ta bi da mu Achida mu wuce birni, mu bi layi, a soka mani, mu dawo da yamma a gajiye. Albasar da Malam ya so ya aje sai ta yi tsada, ita ya fitar ya sayar lokacin da kasuwa ta cika da ita. Bai taɓa yi mani gori ba ko da wasa, Allah ya saka mashi. Abin da ya fi allurar zafi shi ne idon mutane. Malam ya faɗi a majalisa cewa likita ya ce alamar ciwon ita ce mutum ya ji tsoron ruwa, shi ke nan duk wadda ta zo gaishe ni sai ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mani, ta ja da baya tana kallo. Gwaggo kan ba ni sau uku a zama guda. Na sha ruwa a makon nan har na gaji da zagayawa. Masu sayen furata sunka ɗauke ƙafa, uwaye sunka hana 'ya'yansu shigowa.

A mako na biyu na dawo daga allura na iske bayan Madara baƙi ƙirin. Gwaggo ta shigo ba na nan, ta ga ƙuda na bin ciwon, ta aika anka ɗebo mata baƙin man ta lafta. Da kyakkyawar niyya ta yi, na sani. Madara ta lashe abin da ta iya kaiwa. Daga ranar ta daina ko shinshina ganye, kashin da take yi 'yan ƙanana ya ɗauke, ta takure ƙuryar kwando tana taune haƙora. Sai wari ya taso. Na ɗaga fatar nan mai reto da tsinken tsintsiya, na ga ƙarƙashinta na motsi. Tsutsotsi ne farare, sun yi gida cikin naman, suna nutsewa suna fitowa.

Malam ya leƙa sau guda ya kau da kai, ya miƙa hannu jikin rumfa ya zaro wuƙa. Ya ce wannan ba jinya nake ba, azaba nake ba baiwar Allah. Gwaggo kuma ta ce a bari tukuna a ɗiga mata maganin ƙwarin gona, shi ke kashe tsutsa nan take. Ina tsakaninsu da kwando a cinya, na rasa wanda zan fara ba haƙuri. Labbo ne ya yi magana daga zaure. Tun ranar Duna yakan zo ya zauna can, ba ya shigowa. Ya ce a ba shi zuwa gobe, gobe kasuwar Achida, malamin dabbobi na zuwa.

Washegari sai ga shi ya goyo mutumin a babur. Malamin dabbobin ya yi dariya ya ce an sha ɗaukar shi zuwa wurin shanu da raƙuma, yau ga shi gaban zomo. Da ya ga ciwon dariyar ta tsaya. Ya ce a riƙe mashi ita gam, ni kuma hannu guda gare ni. Labbo ya durƙusa ya karɓe ta. Hannun nan da ya karya wuyan zomayen daji ba adadi, shi ya tallabe ta, ya rufe mata ido da tafinshi. Mutumin ya sa almakashi ya yanke matacciyar fatar, ya wanke baƙin man, ya bi tsutsotsin da hantsaki yana zarowa yana zubawa a kasko, wasu sai ya tona da zurfi. Madara ta sake irin kukan ranar farko. Na ga haƙoran Labbo sun datse, gumi na ɗiga daga gemunshi, amma bai sassauta ba.

Ya yi mata allura, ya shafa shuɗin maganin ciwo, ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce za ta haɗe amma a karkace. Ya ce a rufe kwandon da gidan sauro saboda ƙuda. Ya hana maganin gona, ya hana kafson mutane da ake fasawa a zuba ma kaji a ruwa, ya ce wasunsu guba ne ga zomo. Sannan ya dube ni ya ce, "Hajiya, zomo ba ya azumi. In ta wuni ta kwana ba ta ci ba, cikinta zai tsaya, shi zai kashe ta kafin ciwon." Ya ƙara da cewa tunda ba a san lafiyar karen ba, a killace ta, in kiyayi haƙoranta, kuma ko mi ya faru kar a ci namanta. Malam yana tsaye ya ji da kunnenshi. Ya ce to wuƙa ba ta da aiki ke nan, ya mai da ita ɗaki.

Daga nan na zama uwar jinjiri. In niƙa yaɗiya da zogale, in dama da ɗan ruwan dusa, in zuƙa a sirinji marar allura, in matse ta tsakanin cinyoyina in ɗura mata ta gefen baki da hannun hagu. Ta furzar, ta yage ni da farce, in goge in sake. Ina yi ina mata magana, ina ce mata ni ma ana soka mani ƙarfe ban mutu ba, ita wa ta fi. Ranar da na ga 'yan ƙwayoyin kashi a gindin kwando, a tafin hannu na kwashe su na tari Malam da su tun daga zaure. Ya duba ya ce Allah ya shirye ni.

Nana ta kira a waya cikin kwanakin nan. Ban ɓoye mata ba, na dai rage. Tana da cikin fari, kuma da faɗuwar damina za a kawo ta gida ta haihu gabana kamar yadda anka saba. Ta ce, "Inna, ki ce mata ta jira ni." Na ce za ta jira.

Mako na uku hannuna ya sace, ciwon ya fara haɗewa, sai yatsun nan biyu da sunka sandare. Madara ma ta soma jan ganye da bakinta. Sabuwar fata ta rufe ƙugun, ja-ja ba gashi. Anka kwance karan, ta fara tsalle da ƙafa uku, ta huɗun tana binta a karkace. Malam da kanshi ya sauko. Sai ya dawo daga fadama da ganyen karas cikin aljihu, ya jefa cikin kwando ba tare da ya duba ba, ya ce ga na gurguwar nan. Wata rana na fito daga wanka na iske shi tsugune yana sosa mata tsakanin kunnuwa, da ya gan ni ya ce ƙuda yake korewa.

Abu guda ne bai dawo ba, kwanciyar nan. Tana ci, tana sha, amma kullum a tsugune take, ƙafafu a tattare, ido buɗe ko da tsakar rana. In kare ya yi haushi can nesa sai ta buga ƙasa da lafiyayyar ƙafar ta shige kwando. Ta daina zuwa gindin randa sam. Ni kuma kullum sai na yayyafa ma rairayin wurin ruwa, na ce a raina ranar da ta koma can ta kwanta, ranar ce ta warke.

Ranar allurata ta ƙarshe ta zo an gama kwashe albasa, Malam ba ya da aikin fadama. Ban yarda in bar Madara da Gwaggo ba, shi ya sa munka shirya Labbo ya raka ni birni, Malam ya zauna gida. Na jera mashi komai: ga ganye, ga ruwa, in azahar ta yi ya buɗe mata kwando ta sha iska, ya tabbata ƙofar zaure a rufe take. Ya ce ya ji, ko ɗiyar sarki ce iyaka ke nan.

Anka yi mani allurar, ma'aikaciyar ta ce na gama, na tsira da yardar Allah. A Achida na sa mota ta jira na sayi karas mai ganye. Har wasa ya dawo bakin Labbo a hanya, ya ce shi dai har yanzu barkononshi na nan.

Da la'asar munka shigo. Na yi sallama, Malam ya amsa ƙasa-ƙasa. Yana zaune bisa turmi a gindin randa. An baza sabon rairayi a wurin, ƙuda na sauka kanshi. Wuƙa a wanke tana jingine da randar, gefe kuma faifai a kife kan wani abu, farar ƙafa a karkace ta leƙo ta ƙarƙashi.

"Ta ci abincinta sarai," in ji shi. "Tas sha ruwa. Nib buɗe mata yadda kic ce, tat taho nan da ɗingishinta, tat tona ƙasa kaɗan. Sai nig ga ta faɗi. Faɗuwa guda, bisa haƙarƙari, ƙafafu sun miƙe, ido ya rufe. Nik kira ta, ba ta motsa ba."

Ya ce ya san ba ci za a yi ba. Amma bayan duk wahalar da na sha, bai iya tsayawa yana kallo ta mutu mushe in dawo in iske abin jefarwa bola ba. Ya ce shi bai ma san lokacin da ya kai ɗaki ya fito ba. Sai ya juyo mani hannuwanshi. Daga wuyan hannu har gwiwa duk yagar farce ce, dogaye, wasu har lokacin suna tsattsafo jini.

"Amma ta yi ƙarfi," ya ce. "Tay yi kuka, tay yi ta shuri. Ban taɓa ganin mai mutuwa da ƙarfi haka ba."

 Na aje karas ɗin, na ɗebo ruwa a buta, na ɗauko sabulu, na durƙusa na kama hannunshi ina wankewa kamar yadda anka koya mani. Na daɗe ina wankewa. Labbo bai gane komai ba, shi a guje kawai ya san zomo. Ya ɗauke ta da faifan ya kai bayan gida, ya haƙa rami mai zurfi don kar karnuka su tone.

Ban gaya ma Malam ba. Sau da yawa maganar takan zo bakina, in dube shi in haɗiye. Nana kuma a waya na ce mata Madara ta mutu, ban ƙara komai ba.

Da ruwan farko ya sauka anka kawo Nana da cikinta. Bayan ta huta ta ci tuwo, muna zaune tsakar gida, sai ta tambayi babanta yadda abin ya kasance, tunda shi ke gida ranar. Ya fara ba ta labarin kamar yadda ya ba ni, har yana kwatanta faɗuwar da tafin hannu.

"Gindin randa, Baba? Tat tona ƙasa tukuna?"

"Awo."

Fuskarta ta washe, don ba ta riga ta ji ƙarshen ba. "Ai kwanciyar jin daɗi ta. Haka taka yi in hankalinta ya kwanta. Ashe ta warke, Inna."

Sai ta ga yadda nake kallon ƙasa. Ta dubi tabon hannun babanta. Murmushin ya tafi a hankali. Malam ya juyo ya tambaye ni ko na sani, na ce na sani. Ya tashi ya zura takalmi ya fita, ko hula bai ɗauka ba, bai dawo ba sai bayan magariba.

Nana ta haihu lafiya, namiji, kuma ba ta ƙara ɗaga maganar gaban babanta ba. Labbo bai sake yin kare ba har yau. Gwaggo tana nan tana cewa tokarta ce ta riƙe ni kafin allura, ni kuma ina ce mata na gode. Ina gode ma Allah da ya tashe ni, ina gode ma ma'aikaciyar da ta kankare ni tana faɗa, da mutumin da ya baro shanu a kasuwa ya zo ya durƙusa gaban zomo. Wanda kare ya ciza ya wanke da sabulu ya nufi asibiti a ranar, ya cika allurarshi, karen kuma a ɗaure shi, kar fushi ko kunya su sa a kashe. Wanda ke kiwon zomo kuwa, ya nuna ma duk mutanen gidan yadda zomon yake kwanciya, musamman mai saurin hannu.

Kwanan baya akuyarmu ta ci dusa ta ƙoshi ta mimmiƙe a inuwar rumfa. Ina ɗaki na ji Malam yana kirana. Na fito na iske shi tsaye nesa da ita, hannuwanshi biyu a baya.

"Zo ki diba mani," ya ce. "Kwance take, ko faɗuwa tay yi?"